Anti, Ke Ce Ta Huɗu

Wata yarinya 'yar shekara 9 ce ta faɗa min maganar da har yau ta tsaya min a wuya. Ranar na je gidan da ake riƙonta karon farko. Na gaisa da mariƙiyarta, na durƙusa daidai tsayin yarinyar kamar yadda aka koya mana, na faɗa mata sunana da abin da ya kawo ni. Ta dube ni, ta dubi fayil ɗin da ke hannuna, ta ce, "Anti, ke ce ta huɗu." Na ce ta huɗun me? Ta ce ta huɗun masu zuwa da irin wannan jakar. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "In labarin kike so, ki karanta a ciki mana. Ai na faɗa wa ta farko, na faɗa wa ta biyu."

Ta ukun kuwa, yarinyar ba ta gaya mata komai ba. Da na koma ofis na duba, wata biyu kacal baiwar Allah ta yi ta ajiye aikin.

Shekarata 11 ina aikin kula da walwalar yara. Duk wanda ya ji sana'ata, abu ɗaya yake cewa: "Kai, sannunku, ni zuciyata ba za ta ɗauka ba." A zatonsa ganin yaron da aka ƙona da wuta ko aka bari da yunwa shi ke korar mutane daga aikin. Akwai gaskiya a ciki. Tun 1995 wani masani ɗan Amurka, Charles Figley, ya yi bayanin yadda mai sauraron masifar wasu kullum yake kwasar wani abu daga cikinta, har tausayin kansa ya gaji. Na san wannan a jikina. Amma da saninmu muka shigo, ba wanda ya ce mana aikin raba alewa ne. Abin da ba a gaya mana ba shi ne lissafi.

Ga lissafin. A watan da na karɓi yarinyar nan, fayil 34 ke kan teburina. Wani fayil ɗin yaro ɗaya ne, wani kuma ya haɗa wa da ƙannensa uku. Ziyara guda ta kirki tana cin rabin yini: hanya, zama da manya, keɓewa da yaron a inda ba a jin maganarku, leƙa inda yake kwana, sannan a dawo a rubuta komai tun kafin ya gushe. Ranar kotu kuwa yini ne sukutum a kan benci, wani lokaci a ɗage shari'ar ba a ko kira ka ba. Ga makaranta na nemanka, ga asibiti, ga 'yan sanda, ga fom ɗin da kwamfuta ba za ta bari ka wuce shafi ba sai ka cike kowane gurbi. Ko ba ka yi makaranta ba, ka san 34 ba za ta shiga cikin kwana 20 na aiki ba.

To me muke yi? Muna zaɓe. Ba mai faɗar haka a taro, amma kowa na yi. Michael Lipsky ya rubuta tun 1980 cewa ƙananan ma'aikatan da ke fuskantar jama'a ido da ido, idan aiki ya fi ƙarfin lokacinsu, sukan ƙirƙiro wa kansu hanyoyin rage shi, kuma waɗannan hanyoyin su ne suke zama ainihin manufar gwamnati a aikace, ko me aka rubuta a takarda. Tawa hanyar ita ce bin wanda ya fi ƙara. Gidan da aka kira waya sau uku a kai, can zan nufa. Yaron da ba ya kuka, ba ya faɗa a makaranta, mariƙinsa ba ya ƙorafi, sai ya jira. Kuma duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san shirun yaro ba shaidar lafiya ba ce. Da wannan sanin nake kwanciya.

Duk ɗalibin wannan fanni an karanta masa labarin Victoria Climbié, yarinyar da aka ɗauko daga Kwaddibuwa da sunan za a sa ta makaranta, ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000 tana da shekara 8, a hannun 'yar'uwarsu da ke riƙonta da saurayin matar. Tabo 128 aka ƙirga a jikinta. Binciken da Lord Laming ya jagoranta ya fito a 2003 da shawarwari 108. A aji, abin da ake nanata mana shi ne damar da aka yi ta samu ta ceto ta aka bari ta wuce. Sai da na fara aiki na koma na lura da wani layi: ma'aikaciyar da aka damƙa wa yarinyar ba ta daɗe da fara aiki ba, kuma kes 19 take riƙe da su alhali ƙa'idar ofishinsu ba a wuce 12. Ranar da na karanta, na ɗaga kai na dubi teburina, na yi dariyar da ba ta daɗi ba.

Shekara bakwai bayan rasuwar Victoria, a 2007, a ƙaramar hukumar Haringey ta Landan, inda ita ma ta zauna, aka kashe Peter Connelly yana ɗan wata 17, bayan ma'aikata daban-daban sun gan shi kusan sau 60. Uwarsa da saurayinta da ɗan'uwan saurayin aka ɗaure. Amma fushin jama'a kan ma'aikatan ya sauka. Jarida ta tara sa hannun mutane sama da miliyan ɗaya a kore su, minista ya tsige shugabar sashen kula da yara na Haringey a ƙarshen 2008, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ce a 2011 ba a bi ƙa'ida wajen korar ba. Ban ce ba a yi kuskure ba, an yi, kuma yaro ya mutu. Sai dai sau da yawa akan bar jaki a daki taiki. Abin da ya biyo baya a Ingila shi ne ƙarar neman raba yara da iyayensu ta yi tashin gwauron zabi, don kowa ya tsorata. Da gwamnatinsu ta sa Farfesa Eileen Munro ta duba tsarin, rahotonta na 2011 ya ce an mayar da hankali kan bin ƙa'idoji da cike takardu har an rasa lokacin zama da yaran.

Wannan tsoron ba sai kana Ingila kake jin sa ba. Rabin abin da nake rubutawa, in na faɗi gaskiya, ba don yaron nake rubuta shi ba. Ina rubuta shi ne don ranar da za a zaunar da ni gaban kwamiti a ce, "Ina kike lokacin?"

Kuma hukuncin kansa gaba kura ne baya siyaki. In ka ɗauke yaro daga gidansu, ka yanke shi daga uwarsa da ƙannensa da duk abin da ya sani, wataƙila a kan zargin da zai zama ƙarya. In ka bar shi, wataƙila kiran da za a yi maka na gaba daga asibiti ne. Ba na mantawa da wani yammaci, ana gab da tashi daga aiki, na tsaya ni kaɗai a ƙofar wani gida, uban ya tokare ƙofar da hannu, jijiyar wuyansa ta tashi, yana cewa, "Malama, ke kika haifa min su?" Ta ƙarƙashin hammatarsa ina hango yaron a tsaye da riga mai dogon hannu cikin zafi. 'Yan sanda bibbiyu suke zuwa irin wannan gida. Ni littafi da biro ne a hannuna, sai wayar da na kira shugabana da ita sau biyu bai ɗauka ba, shi ma yana wani gidan. Na lallaba, na ba shi girmansa, na shiga, na ga abin da na gani. Da na fito, sai da na yi minti goma kafin hannuna ya daina rawa in iya rubuta lokaci.

Washegari ba wanda ya tambaye ni yadda na kwana. An dai tambaye ni ko na shigar da rahoto.

A gida na fara gane cewa wani abu ya taɓu. Ɗana, lokacin yana shekara 5, ya faɗi a waje ya shigo yana kuka da ƙujewa a hannu. Maimakon in rungume shi, sai na ji bakina yana cewa, cikin muryar nan mai sanyi ta aiki, "Wa ke wurin lokacin da ka faɗi? Nuna min yadda aka yi." Ina juya hannun ina duba ko siffar ciwon ta yi daidai da labarin. Yaron ya daina kuka yana kallona kamar baƙuwa. Babansa ya ce, "Ke, ɗanki ne fa."

Abin yana da suna a littattafai: burnout, wato aiki ya cinye mutum har ƙarfinsa ya ƙare. Herbert Freudenberger ya bayyana shi a 1974 bayan ya lura da masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a New York, yadda suke shigowa da zafinsu, kafin shekara ta zagayo sun zama toka. Christina Maslach ta yi shekaru tana auna shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin kundinta da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar aikin a zuci har mutum ya fara yi masa kallon banza, da jin cewa ba ka tsinana komai. Ta biyun ce ta fi ba ni tsoro, don ba ta da zafi. Sai dai kawai ka wayi gari kana cewa "kes ɗin ƙonewar nan" ka manta yarinyar tana da suna. Abin da ya kamata shugabanni su karanta da kyau shi ne hukumar ba ta kira shi cuta ba. Ta ce abu ne da ke fitowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba. Wato a ofis ciwon yake.

Mu kuwa da aka ga mutane na ta ajiye aiki, sai aka shirya mana bita ta yini ɗaya kan kula da kai. Aka koya mana jan numfashi a hankali, aka ce mu riƙa motsa jiki, mu kashe waya da dare. Wayar da aka ce dole ta kasance a kunne saboda kiran gaggawa. An kuma sa bitar a makon miƙa rahoton wata, don haka rabinmu muna jan numfashi muna rubutu a ƙarƙashin tebur. Ban raina numfashi ba, har yanzu ina yi. Amma na shiga ɗakin da fayil 34, na fito da 34, da bashin yini guda a kai.

Abin da ya taɓa yi min magani na gaske mutum ce. Shekara uku na yi a ƙarƙashin wata shugabar sashe, dattijuwa, da muke kira Mama. Duk mako biyu tana da awa ɗaya da kowannenmu, ƙofa a rufe, waya a kife. Ba ta fara da tambayar me ya rage ba a shigar ba. Takan ce, "'Yata, wane yaro ne ya hana ki barci wannan makon?" Sai ka ga ka fara magana, wani lokaci kana cikin bayani ka gano da kanka abin da ke damunka game da gidan, abin da idonka ya gani hankalinka bai kama ba. In hukunci mai nauyi ne, takan sa hannu kusa da naka ta ce, "Mu muka yanke, ba ke ba." Ta kafa doka ba mai zuwa gidan da aka taɓa yi masa barazana shi kaɗai. Kuma ta iya cewa a'a ga na sama da ita. Na taɓa jin ta a waya tana cewa, "Ranka ya daɗe, ba ni da wanda zan ba. In na ba ta, sunan kawai za a rubuta, ba wanda zai ga yaron." A shekara ukun nan mutum ɗaya ne ya bar sashenmu, shi ma ƙarin girma ya samu. Ba a ƙara mana albashi ba a lokacin, kuma albashin, kowa ya sani, ba abin a zo a gani ba ne, ga kuɗin mota da na waya da sau da yawa daga aljihunmu suke fita. Duk da haka mutane suka zauna. Da ta yi ritaya, awa ɗayan nan ta koma minti goma a tsaye a bakin ƙofa.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita, ta ce a sashe na 19 a kare yaro daga cin zarafi da sakaci, a sashe na 12 kuma ta ce a saurari ra'ayinsa a duk abin da ya shafe shi. Kalmomi masu kyau. Amma sashe na 12 ba shi da kunne. Kunnen na wata mata ce da ta yi ziyara huɗu tun safe, kuma yaro ba ya buɗe cikinsa ga fuskar da ya san ba za ta daɗe ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana maganar walwalar ma'aikata kamar wata alfarma da za a yi mana in an samu rarar kuɗi. Duk ma'aikaciyar da ta tafi, ta tafi da abin da fayil ba ya ɗauka: wace goggo ce ake iya kira da tsakar dare, wane irin shiru ne na fushi, wane ne na tsoro.

Yarinyar nan wata bakwai na yi ina zuwa kafin ta gaya min abin da ba ya cikin fayil. Muna zaune tana yi wa 'yar tsanarta kitso, ba ta ko kalle ni ba, ta faɗe shi cikin jimla biyu. Abin da ta faɗa ya sauya duk shirin da aka yi na mayar da ita inda ta fito. Da ni ma na tafi a wata na shida, da an mayar da ita, kuma da takardun duk sun cika daidai.

Akwai takardar ajiye aiki a aljihun teburina. Sau uku ina sauya mata kwanan wata. Ba na jin kunyarta, kuma ba na ganin laifin ukun da suka riga ni, kowacce ta kai inda za ta iya. Yanzu yarinyar ta shiga shekara 11, ta daina kallon jakata. Makon jiya da zan tafi ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce, "Anti, Talata za ki zo?" Na ce in Allah ya yarda. Talatar ina da kotu da safe, fayil ɗina kuma sun zama 37. Na dai riga na roƙi abokiyar aikina ta riƙe min wayar gaggawa daga ƙarfe 4 zuwa 6.