Aljanar da ta zo kasuwa sayen tukwane

Abin da ya ja ni ga tsofaffin finafinan Japan shi ne yadda suke shigar da mutum cikin mafarki ba tare da sun yi masa sallama ba. A yawancin finafinanmu, in aljani zai fito sai wuri ya turnuƙe da hayaƙi, murya ta kumbura, ido ya yi jajawur. Tun bai iso ba ka san yana tafe. Alhali a mafarki na gaske komai daidai kake ganinsa, sai ka farka kake gane inda ka je.

Wanda ya fi kama ni shi ne Ugetsu na Kenji Mizoguchi, fim baƙi da fari na 1953. Labarin Genjuro ne, maginin tukwane a zamanin yaƙe-yaƙen ƙarni na 16, wanda kwaɗayin riba ya raba shi da matarsa Miyagi da ɗansu. Akwai inda suke haye tafkin Biwa cikin hazo, mace na tuƙi tana rera waƙa, ganga na tashi daga nesa, ba a ganin gaɓa ko sama. Can sai ga wani kwale-kwale ya ɓullo, da mutum kwance rai a hannun Allah. Ni da nake shiga jirgin ruwa daga Ikorodu da sassafe, na san wannan fitowar. Haka masunta ke ɓullo mana lokacin hunturu, kamar ruwan ne ya haife su.

Ita kuwa aljanar, Wakasa, da rana tsaka ta zo kasuwa, ta zaɓi tukwane, ta ce a kai mata gida. Shi ke nan. Machiko Kyo ce ta fito a matsayinta, fuskarta fari fat ba motsi, tafiyarta a hankali. Ba ta tsorata Genjuro ba, yabon aikin hannunsa ta yi, kuma da wannan ta kama shi.

Amma wurin da nake ta maimaitawa a wayata shi ne komawarsa gida. Ya shiga ɗaki, duhu, murhu ba wuta. Ya fita ya zagayo ta baya yana kiran Miyagi, kyamarar Kazuo Miyagawa na biye da shi ba a yanke ba, da ya sake shigowa sai ga ta zaune gaban wuta tana girki. Ɗauka ɗaya ce, ɗakin bai canza ba. Ta ba shi abinci, ya yi barci, ta zauna tana ɗinke masa riga. Da gari ya waye dagaci ya shaida masa sojoji sun daɗe da kashe ta. Wallahi duk lokacin da na zo nan sai ƙirjina ya yi nauyi, domin mu 'yan ci-rani mun san tsoron komawa gida a makare.

Maƙwabcina a Agege, wani tela, bai yarda da ni ba. Shi Kwaidan na Masaki Kobayashi ya fi so, na 1964, mai launi, wanda aka zana sararin samaniyarsa da hannu har da manyan idanu suna leƙen mutane cikin dusar ƙanƙara. "Malam, ai wannan ne mafarki," in ji shi, "naka ai ta'aziyya ce." Yana da hujja. Makahon mawaƙin nan na cikin fim ɗin, Hoichi, da aka rubuce jikinsa kaf da addu'o'i aka manta kunnuwa, har fatalwa ta zo ba ta ga komai ba sai kunnuwa biyu a iska, ba ya fita a ran wanda ya gani. Sai dai Kobayashi tun farko yake gaya maka ka bar duniya. Mizoguchi kuwa a kasuwa da madafa yake barinka, shi ya sa har yanzu ni da telan ba mu daidaita ba.