Kafin a Zaɓi Irin Zomo, a Fara Duba Inda Zai Kwana

Tambayar da masu sha'awar kiwon zomo suka fi yi mini ita ce wane iri ne ya fi kyau, kuma duk lokacin da na ji ta sai na tuna cewa ni ma da ita na fara, ta kuma jawo mini asarar da har yanzu take damuna. Na sayi zomaye uku na irin Flemish Giant saboda girmansu ya burge ni, na zuba su a keji mai rufin kwano wanda rana ke duka tun daga tsakar rana har faɗuwarta. Ba a yi wata biyu ba na tarar da namijin a kwance ya miƙe ƙafafu, hancinsa a jiƙe, numfashinsa na fita da ƙyar, kafin in yi wani abu ya mutu. Babu cutar da ta kama shi. Zafi ne ya kashe shi, kuma ni na gina masa wurin da hannuna.

Zomon da muke kiwo a gida tsatsonsa daga zomon Turai yake, wanda asalinsa yankin Sifen da Fotugal ne, dabba ce mai haƙa rami ta wuni cikin sanyin ƙasa, ba ta fitowa kiwo sai rana ta yi sanyi ko da asuba. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai fahimci kusan duk abin da keji ke bukata. Zomo ba ya fitar da zafi ta hanyar gumi kamar mutum, sai ta jijiyoyin jinin da ke kunnuwansa da kuma saurin numfashi, saboda haka ya fi samun natsuwa tsakanin digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyos, kuma da zarar zafi ya haura 30 rayuwarsa tana cikin haɗari. Akwai wata illar da ba a gani da ido: namijin da ya sha zafi na kwanaki a jere yakan rasa ƙarfin sa ciki har tsawon makonni da dama bayan yanayi ya sauya, sai mai kiwo ya yi ta zargin matan alhali matsalar tana can gefe guda. Don haka inuwa mai kauri, da rufi mai tazara daga kan dabbar, da iska mai ratsawa ba tare da ta buge shi kai tsaye ba, su ne abin da ya kamata a fara kashe wa kuɗi.

Game da girman keji, mace mai matsakaicin jiki tare da 'ya'yanta tana bukatar wajen santimita 90 a tsawo da 75 a faɗi, da tsayin da zai ba ta damar miƙewa a kan ƙafafun baya ba tare da kunnuwanta sun taɓa rufi ba. Na fi son ƙasan keji ya zama ragar waya mai ƙananan idanu, kimanin santimita 1.25 da 2.5, domin kashi da fitsari su riƙa zubewa ƙasa. Wannan yana rage cutar koksidiyosis, wadda ke yaɗuwa ta kashi tana kashe 'yan yaye da gudawa, yana kuma rage zarnin fitsari mai ƙona musu hanci da huhu. Sai dai waya tana cin tafin ƙafar zomo mai nauyi har ta zama gyambo, shi ya sa ba na barin keji ko ɗaya ba tare da ɗan katako ko tabarmar roba da zai huta a kai ba. Duk katakon da ke cikin keji kuwa sai ya gaigaye shi, tunda haƙoransa ba sa daina tsiro muddin yana raye. A ɗaga kejin daga ƙasa saboda kare da ɓera da maciji, kuma kowane balagagge ya samu ɗakinsa, domin maza biyu a wuri ɗaya sai sun yi wa juna rauni.

Idan gida ya daidaita, barbara ba ta da wahala, amma tana da ƙa'idar da ba a karya ta: mace ake kai wa kejin namiji. Mace tana da kishin ɗakinta ƙwarai, idan aka shigar mata da baƙo za ta iya yaga shi da cizo, shi kuma sai ya ɓata lokaci yana sansanar sabon wuri. Abin yakan ƙare cikin ɗan lokaci kaɗan, alamarsa ita ce namijin ya yi ɗan gurnani ya faɗi ta gefe. Zomanya ba ta sakin ƙwai a kan lokaci kamar saniya ko akuya, barbarar ce da kanta take sa ƙwan ya sauko bayan wajen awa 10, wannan ne ya sa take iya ɗaukar ciki kusan kowane lokaci, har washegarin haihuwa. Ba na yarda da yin hakan, domin macen da ake haɗa wa ciki da shayarwa ba hutu tana ramewa, 'ya'yanta su riƙa zuwa da rauni. Masu matsakaicin jiki ina jira su kai wata 5 zuwa 6, manya kuma sai sun kai wata 8 ko fiye, kuma namiji ɗaya mai lafiya ya ishi mata 10.

Cikin zomo yana ɗaukar kwana 31, ko da yake yana iya gaza haka ko ya ɗara da kwana ɗaya ko biyu. A kwana na 28 ake sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa a ciki, ita kuma ta tsige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa. Wannan rana ce ta koya mini riƙe littafi, domin na taɓa kuskuren lissafi da kwana uku, na wayi gari na tarar da 'ya'ya bakwai a kan waya sun sandare. Ana haifarsu ba gashi, idanu a rufe sai wajen kwana 10 suke buɗewa, kuma uwar ba ta shayar da su sai sau ɗaya ko biyu a rana na 'yan mintoci. Sabon mai kiwo yakan ɗauka ta yi watsi da su, ya fara ɗura musu madara har ya shaƙe su, alhali abin dubawa kawai shi ne cikinsu: idan ya cika ya yi tamtsam fatarsu ba ta yamutse ba, to suna ƙoshi. Ina yaye su tsakanin mako 6 zuwa 8, a hankali.

Sai yanzu ne batun iri yake da ma'ana. Mai neman nama zai fi amfana da New Zealand White, wanda duk da sunansa a Amurka aka samar da shi, yana kai kilo 4 zuwa 5 da ɗoriya, yana girma da sauri, matansa kuma suna haihuwa da yawa. Californian, fari mai baƙin hanci da kunnuwa da ƙafafu, wanda George West ya samar a kudancin Kalifoniya a shekarun 1920, ya ɗan gaza shi nauyi amma jikinsa a cike yake da tsoka, kuma haɗa waɗannan biyun yana ba da 'ya'ya masu kuzari. Flemish Giant na ƙasar Beljiyam yana wuce kilo 6 cikin sauƙi, sai dai ƙashinsa yana da yawa, cinsa yana da yawa, yana jinkirin balaga, kuma shi ne zafi ya fi saurin kayarwa. Dutch ƙarami ne, wajen kilo 2, ya dace da mai ƙaramin fili, matansa kuma sun yi suna wajen raino har ana ba su 'ya'yan wasu. Angora kuwa don gashinsa ake kiwonsa, wanda ba shi da lokacin tajewa kada ya kusance shi.

Duk da haka, a ganina sunan iri bai kai tarihin uwa muhimmanci ba. Idan na je sayen mace nakan tambayi 'ya'ya nawa uwarta take haifa da kuma nawa take kaiwa yaye, sannan in duba idonta ko yana ruwa, da cikin kunnenta ko akwai ɓawon ƙazwa, da haƙoranta ko sun hau kan juna daidai, da gashin cikin ƙafafun gaba, domin mai mura da su take share hanci, sai gashin ya dunƙule. Nakan juya ta in ƙirga nonuwanta, in tabbatar sun kai 8. Namiji kuma daga wani gida dabam nake samo shi don gudun haɗa jini ɗaya, kuma duk wanda na kawo sai ya yi wata guda shi kaɗai a keji na nesa kafin in bari ya kusanci sauran.