Ɗingishin duƙushi: a duba cibiya tukuna

Duƙushin da bai kai wata guda ba, idan ya fara ɗingishi, kada ka ce goɗiya ce ta taka shi. Galibi ƙwayar cuta ce ta shiga ta cibiya, ta bi jini ta sauka a gaɓa, musamman in bai sha dakashi sosai ba cikin awa 12 na farko.

Taɓa gwiwar: ta kumbura, da zafi, yana janye ƙafa? Zafin jikinsa ya haura digiri 39? Kira likitan dabbobi ranar nan. Zai zuƙo ruwan gaɓar da allura. Ruwan lafiyayyar gaɓa garai yake mai yauƙi, na mai cuta kuwa gurɓatacce. Sai a wanke gaɓar da ruwan gishirin asibiti, a bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni. Tsaga da ɗauri ɓata lokaci ne, guringuntsi cikin 'yan kwanaki yake lalacewa.