Motar da ke kai saƙon rediyo bayan dutse: inda aikina ya kai

'Yan'uwa masu koyon haɗa kayan rediyo, ga bayanin inda na tsaya bayan makonni shida ina fama da aikin kawo shirye-shiryen FM ƙauyenmu ta hanyar naɗo su a mota. Ƙauyenmu yana gindin wani dogon dutse ne, kuma tashoshin FM na birni, waɗanda ke watsa shirye-shirye tsakanin megahaz 87.5 da 108, ba sa iso mu sai da ƙara da yankewa, domin wannan zango yana tafiya ne kusan a miƙe, ba ya tashi sama ya dawo ƙasa yadda gajeren zango ke yi. Na daɗe ina ƙara tsawon sandar eriya kafin na yi lissafi: sanda mai tsawon mita 9 ba ta hango fiye da kimanin kilomita 12 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, balle a ce dutse ya tokare mata gaba.

Daga nan na bar batun haura dutsen, na koma ga motar ƙanena da ke shiga birni duk ranar kasuwa. Dabarar ba tawa ba ce. A farkon shekarun 2000 masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka sun ƙirƙiro tsarin DakNet, inda motocin bas a Indiya da babura a Kambodiya ke ɗauke da ƙaramar kwamfuta, suna karɓar saƙonni a inda akwai intanet, suna sauke su ta Wi-Fi a ƙauyukan da babu. Ni abin da na sauya kawai shi ne kayan da ake ɗauka: motar tana naɗar abin da tasha ta watsa a inda siginal ke da ƙarfi, ta adana, idan ta tsaya a ƙofar gida wayoyinmu su kwashe.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, da ƙaramar na'urar RTL-SDR mai kama siginal ɗin rediyo ta miƙa wa kwamfuta, wadda asalinta ta kama tashoshin talabijin ce kafin masu sha'awar rediyo su gano a wajajen 2012 cewa tana iya kama zanguna da dama, sai eriya mai maganaɗisu da na yanke ta kimanin santimita 75, wato rubu'in tsawon zangon a tsakiyar FM. Da farko na fi sa rai a kan RDS, rubutun nan da ke fitowa a fuskar rediyon mota. Yana hawa ne a ɓoye kan kilohaz 57 cikin siginal ɗin tasha, yana tafiya da bit 1187.5 a daƙiƙa, yana ɗauke da sunan tasha cikin haruffa 8 da kuma gajeren saƙo da bai wuce haruffa 64 ba. Manhajar redsea ta karanta shi ba tare da wahala ba, amma a tashoshin da nake kamawa, wasu ba sa aiko da shi sam, masu aikowa kuma sunansu kaɗai suke maimaitawa. Saboda haka yanzu sautin labarai da sanarwa nake naɗa, RDS kuwa na mayar da shi ma'auni: inda rubutun ya fara kakkaryewa, na san siginal ya raunana a wannan wurin.

Inda na sha wuya ƙwarai shi ne cikin motar kanta, kuma a nan nake so ku natsu. Naɗin makon farko duk wani kuka ne da ke tashi idan direba ya taka mai, ya sauka idan ya saki. Na zargi dutse, na zargi eriya, ashe cajar arha da na soka a ramin kunna taba ce ke feso ƙara, ga kuma kukan altanato da ke biyo wayar wuta. Da na ba na'urar batirinta na daban, na zura wayar USB cikin zoben ferit, wato zoben da ke rage ƙarar da ke bin waya, na kuma mayar da eriyar tsakiyar rufin mota domin ƙarfen rufin ya zame mata shimfiɗar da irin wannan eriya ke buƙata a ƙarƙashinta, sai sautin ya fito tas. Batirin ya magance wata matsalar ma, domin a da duk lokacin da aka kashe mota wuta kan ɗauke farat ɗaya, har memori guda ya lalace mini. Zafin rana kuma ya sa na cire RTL-SDR daga kan dashbod na kai ta ƙarƙashin kujera.

Wani daga cikinku ya ba ni shawarar in sake watsa sautin kai tsaye a zangon FM daga motar. Ban ɗauki wannan ba, domin watsa shirye-shirye a Najeriya sai da lasisin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, kuma ƙaramar na'urar watsawa da ba a tace ba tana iya shiga zangon jiragen sama da ke farawa daga megahaz 108. Naɗin da nake yi na sauraren gida ne kawai.

Abin da ya rage shi ne jinkiri, domin labarin safe sai da la'asar yake iso mu. A mako mai zuwa zan ɗora na'ura ta biyu a kan babur ɗin wani maƙwabci da ke dawowa da hantsi, in ga ko za ta iya karɓar naɗin daga motar cikin 'yan mintocin da suke haɗuwa a tashar mota.