Abin da ruwan Ellicott City ya koya mini a ofishin inshora

Duk wanda ya kama aiki a ofishin inshora a Amurka, abu na farko da ake koya masa game da ruwa shi ne cewa inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Idan bututu ya fashe a cikin bango ya jiƙa ɗaki, za a biya. Idan iska ta kware rufi ruwan sama ya zubo, za a biya. Amma ruwan da ya taru a ƙasa ya kutso ta ƙofa, wannan sai da takarda ta daban. Haddace maganar ba wuya. Nauyinta ne ban gane ba sai da na zauna a wani ƙaramin ofishi a gundumar Howard ta jihar Maryland, tsakanin Baltimore da Washington, ina amsa wayar mutanen da laka ta cika musu shago.

Hedkwatar gundumar ita ce Ellicott City, tsohon gari da wasu ƴan uwa masu injin niƙa suka kafa a 1772 a bakin kogin Patapsco. Tsohuwar unguwar tana cikin kwazazzabo ne na dutse, babban titinta yana gangarowa har bakin kogi, kuma ƙananan rafuka irin su Tiber da Hudson suna haɗuwa a nan, wasu shagunan ma a kan rafin aka gina su. Mutanen garin sun san ambaliya tun kaka da kakanni, amma wadda suka fi sani ita ce ta kogi, mai tasowa daga ƙasa, kamar yadda aka yi a 1972 lokacin guguwar Agnes. Ranar 30 ga Yuli, 2016, ruwan ta sama ya biyo. An zuba kusan inci 6 cikin awa biyu, titin ya zama kogi, ya kwashi motoci ya lafta su a jikin gine-gine, mutum biyu suka rasu. Masana suka ce ruwa ne irin na sau ɗaya a shekara dubu. Jama'a suka ci bashi, suka gyara, suka sake buɗe shaguna. Ranar 27 ga Mayu, 2018, ko shekara biyu ba a cika ba, ya sake dawowa, ya kuma ci rai ɗaya.

Daga nan na daina yi wa masu zuwa wurina lissafi da shekaru. Mutum in ya ji ana cewa ruwan shekara ɗari, sai ya ɗauka an yi an gama, shi da jikokinsa sun huta. Abin da lissafin yake nufi shi ne kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100, kuma ambaliyar bara ba ta rage wa bana komai. Idan aka tara wannan a tsawon shekara 30 da yawancin mutane ke biyan bashin gida, ya kai kusan kashi 26 cikin 100. Da na faɗa wa mai gida haka, sai in ga ya gyara zama.

Sai maganar taswira, wadda ita ce ta fi damuna har yau. Hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, wato FEMA, ita ce ke zana taswirar wuraren da ke cikin haɗari, kuma doka ta tilasta wa wanda gidansa ya faɗa cikin yankin haɗari mai yawa ya yanki inshorar ambaliya, muddin bashin gidansa yana da alaƙa da gwamnatin tarayya. Wanda ya faɗa waje, banki ba ya ce masa uffan, shi kuma sai ya ɗauki shirun bankin a matsayin shaidar aminci. Alhali taswirorin nan sun fi duba tumbatsar koguna da bakin teku. Ruwan sama mai ƙarfi da ke fin ƙarfin kwalbati, ya gangaro daga sababbin unguwanni da filayen ajiye motoci da aka malale da kwalta, ba kasafai yake fitowa a cikinsu yadda ya kamata ba. Saboda haka in mutum ya ce mini banki bai nema ba, nakan tambaye shi: in an yi ruwa, ina ruwan layinku yake bi? Gidanka a kan tudu yake ko a gindin gangara? Yawanci ya san amsar fiye da taswira.

Ita inshorar kanta, mafi yawanta daga shirin gwamnatin tarayya take fitowa, wato NFIP, wanda majalisar dokoki ta kafa a 1968 saboda kamfanoni sun guji wannan haɗarin. Tana da iyaka: dala 250,000 ga ginin gida, dala 100,000 ga kayan ciki, kuma kowanne daban ake sayensa. Ba ta biyan kuɗin otal idan gidan ya ƙi zaunuwa. Ba ta biyan mai shago cinikin da ya rasa a watannin da yake rufe. Mota kuwa sai dai inshorar mota, idan mai ita ya yanki cikakkiya.

Inda abin ya fi taɓa mutanenmu shi ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Baƙi da yawa a nan suke fara haya, saboda ya fi araha. Wata baiwar Allah ƴar Nijar, mai aikin kula da tsofaffi, ta taɓa zuwa da takardar hayarta a cikin leda, wani ya ce mata akwai Bahaushe a ofishin. Ta lissafa mini abin da take da shi: katifa, talabijin, keken ɗinki, da akwati biyu na atamfa da leshi da take tarawa don bikin ƴarta.

Na ce, "Hajiya, ɗakin nan yana da ƙofar da ake fita kai tsaye zuwa fili, ko ta kowane gefe sai an hau matakala?"

Ta ce, "Sai an hau, ɗana. Tagar ma a sama take, ƙafafun mutane nake gani."

Dole na gaya mata gaskiya. A ƙa'idar shirin, ɗakin da daɓensa yake ƙasa da doron ƙasa ta kowane ɓangare, kayan da ake biya a cikinsa kaɗan ne ƙwarai, irin su injin wanki, na busar da kaya, da firiza. Katifa da tufafi da talabijin ba sa ciki. Inshorar mai gidan kuma ba ta shafi kayan ɗan haya ba. Da na so, da na yanka mata takarda na karɓi ladana, ta tafi tana ganin ta tsira. Abin da muka yi shi ne ta roƙi matar mai gidan ta ajiye mata akwatunan a sama, ta ɗauki hoton sauran kayan a waya, kuma ta yi mini alkawarin duk daren da wayarta ta yi ƙarar gargaɗin ambaliya ba za ta kwana a ƙasa ba. Wannan na ƙarshen ya fi duk wata takarda muhimmanci, domin irin wannan ruwan ba ya ba da lokacin haɗa kaya.

Akwai kuma kwana 30 na jira. Sabuwar takarda ba ta fara aiki sai bayan wata guda, sai dai a wasu yanayi kaɗan, kamar idan a lokacin karɓar bashin gida aka yanke ta. Duk ranar da aka yi hasashen ruwa mai yawa wayar ofis ba ta hutawa, kuma babu abin da zan iya yi wa kowa a ranar. Wasu sukan ce ai gwamnati za ta taimaka. Taimakon FEMA sai shugaban ƙasa ya ayyana bala'i, ba kullum ake samu ba, in an samu ma ba ya gina gida. Babban kason taimakon gwamnati bashi ne mai sauƙin ruwa, wanda zai hau kan bashin gidan da ba a gama biya ba.

Tun daga Oktoban 2021 FEMA, wadda ke tafiyar da shirin NFIP, ta canza yadda take yanke farashi, yanzu tana duba gida ɗaya-ɗaya: nisansa da ruwa, tsayin daɓensa, da kuɗin sake gina shi. A ganina gyara ne mai kyau, don farashin ya fi faɗin gaskiya. Sai dai ga yawancin gidajen zama doka ta bari a ƙara har kashi 18 cikin 100 a shekara, kuma na ga tsofaffi masu cin fansho suna barin takardarsu ta mutu saboda ƙarin. Waɗannan su nake fara kira idan lokacin sabuntawa ya matso, mu duba ko za a ɗaga kason da mutum zai biya da kansa in ɓarna ta auku, domin kuɗin shekara ya sauka. Ita ma gundumar ba ta zauna ba: ta kafa jiniyar gargaɗi a tsohon garin, ta haƙa tafkunan tare ruwa a sama, ta rushe wasu gine-gine a ƙasan titin, ta kuma kama aikin wani babban rami a ƙarƙashin ƙasa da zai karkatar da ruwan zuwa Patapsco.