Zazzaɓin da na ɗauka na sauro ne

Kwana goma cif bayan an ɗaura wa Inna ruwan shimiyo na farko, wato maganin sankara, jikinta ya yi zafi. Daren Talata ne cikin Agusta, ruwa ya kwana biyu yana zuba a Garwa ta Kamaru, sauro ya cika gari. Na ɗora bayan hannuna a goshinta na ce, "Inna, palu ne, kowa ma shi yake yi yanzu." Palu muke ce wa zazzaɓin sauro a nan. Na aiki ƙanena farmasin bakin titi ya sayo farasitamol da maganin zazzaɓin sauro. Ta sha, ta yi gumi, barci ya ɗauke ta. Ni ma na kwanta da sanyin zuciya, a ganina na yi abin da ya kamata. Har yau in na tuna daren nan sai gabana ya faɗi.

Sankarar nono ce ke damun Inna. Ba zan ja ku da labarin yadda aka gano ba, duk gidan da ciwon nan ya shiga sun san hanyar: a ciri tsoka a kai awo, a yi ta jiran sakamako, a yi hoton ƙirji da na ciki, a duba zuciya ko za ta ɗauki maganin. Aka tura mu Yawunde. Muka hau mota zuwa Ngawundere, daga nan jirgin ƙasan da ke tashi da yamma ya kwana yana tafiya, muka sauka da safe, wata goggonmu a unguwar Birketeri ta ba mu ɗaki. Likita ya tsara mana zagaye takwas, kowane bayan kwana 21. Huɗun farko da wannan jan maganin, doxorubicin, haɗe da cyclophosphamide, huɗun baya da wani daban. Shi ne abin da muke kira shimiyo a nan, 'yan uwanmu na Najeriya su ce kemo.

Ni ce mai jinya, ni ce kuma tafinta, don ni na yi makaranta na iya Faransanci. Na shirya wa amai, na sayi maganinsa tun kafin a fara. Na shirya wa zubewar gashi. Har batun fitsari ya koma ja na kwana ɗaya ko biyu wata nas ta gaya mini, na kuma gaya wa Inna, shi ya sa da ta gani ba ta firgita ba. Amma a bakin ƙofa, lokacin da muke fita, likita ya ce wani abu a kan zazzaɓi. Na tuna ya ɗaga yatsa, na tuna ya ambaci 38. Ni kuwa idona na kan takardar magani, ina lissafin abin da ya rage a jakata, ina ta ɗaga masa kai. Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Zazzaɓi kuma? Wanda aka haifa a bakin Binuwai za a koya wa zazzaɓi?

Bayan kwana huɗu aman ya lafa, Inna ta ce ita gida take so. Muka dawo Garwa.

Washegarin wannan Talatar gidanmu ya cika. Labari ya zaga unguwa cewa Hajiya ta dawo daga kudu kuma jiki ya motsa, sai 'yan dubiya suka yi ta ɓullowa. Ɗakin Inna ɗan ƙarami ne, amma na ƙirga mata tara a ciki lokaci guda, ga goyo, ga wata da mura ta kama tana ta sharce hanci da gefen mayafi tana riƙe da hannun Inna tana yi mata addu'a. Wata ta kawo fura da nonon da ta sayo a kasuwa, Inna ta ɗan kurɓa don kada ta ji ba daɗi. Ban hana kowa ba. Wa zai kori wanda ya zo duba uwarsa? Duk sanda jikin ya ɗumama sai in ɓalli farasitamol biyu in ba ta, zafin ya sauka, in ce wa mutane alhamdu lillahi da sauƙi.

Daren Alhamis, wajen ƙarfe ɗaya, ƙarar gado ta tashe ni. Inna ce ke karkarwa, haƙoranta na haɗuwa, na lulluɓa mata bargo biyu ba ta daina ba. Goshinta wuta, tafin hannunta kuwa sanyi ƙalau. Ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina ƙarama, ta ce in je in sauke tukunya kada ta ƙone. Nan na san ba palu ba ne.

Maƙwabcinmu ya kai mu asibiti da motarsa. A can ma na ƙara wani kuskuren a kan na farko: na bar karnenta, wato littafin asibitinta na Yawunde, a gida, kuma da aka tambaye ni me ke damunta sai na ce zazzaɓi ne kwana uku. Aka ɗibi jini don awon maleriya, aka ce mu jira a benci. Sai da nas ta ga kan Inna da ɗankwali ya zame, gashin ya fara fita a dunƙule, ta tambaya, sannan na ce ai shimiyo ake mata. Ta tashi da gudu ta kira likita. Ƙanena ya hau moto cikin ruwa ya ɗauko karnen. Likitan ya buɗe, ya ƙirga kwanaki da yatsu, ya ɗago ya ce mini, "Tun yaushe?" Na ce tun Talata. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

Awon jinin da suke kira NFS ya nuna fararen ƙwayoyin jininta da ke yaƙi da cuta sun kusan ƙarewa. Ƙasa da 500 ma haɗari ne babba, na Inna bai kai rabin haka ba. Awon bugun jininta ya faɗi. Awon maleriya kuwa bai nuna komai ba.

A kwanakin da muka yi a kwance ne likitan nan, Allah ya saka masa da alheri, ya zaunar da ni ya bayyana mini abin da ya kamata in fahimta tun a Yawunde. Shimiyo tana bin duk ƙwayar jiki mai saurin hayayyafa ne ta kashe, ba ta tantance ta ciwo da ta lafiya. Shi ya sa gashi ke zuba, baki ke yin gyambo. Ɓargo ma, inda ake ƙera jini, yana cikin waɗanda take bugawa. Sai dai bugun ba ya bayyana nan take. Fararen ƙwayoyin suna yin ƙasa a hankali, su kai maƙura tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ɗaurin ruwa, sannan su farfaɗo kafin zagaye na gaba. Abin takaicin, wannan shi ne daidai lokacin da amai ya tsaya, mara lafiya ya fara cin abinci, 'yan gida suka saki jiki. A makon nan ƙwayoyin cutar da ke zaune a bakin mutum da hanjinsa ma sun isa su shiga jini su yi ɓarna. Kuma ba lallai a ga kumburi ko mugunya ba, domin sojojin da ke haifar da su ba sa nan. Sau da yawa zazzaɓi ne kaɗai alamar da jiki zai iya bayarwa. Ita ce ni kuma na yi kwana biyu ina dannewa da farasitamol.

Ya ce mai shimiyo in zafin jikinsa ya kai 38 ana so maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shiga jijiyarsa cikin awa guda da isowarsa asibiti, ba a jiran sakamakon awo ma. Awa guda. Mu mun yi sama da awa 48. Ya ce ko da a ce maleriyar ce, ba a gida ake yanke wannan hukunci ba, don ana iya samun biyun tare.

Kwana tara muka yi. Aka keɓe ta a ɗaki ita kaɗai, ni ma sai na wanke hannu na rufe hanci nake shiga. Akwai allurar da ke zaburar da ɓargo, filgrastim, ba mu same ta a gari ba a lokacin, sai goggo ta saya a Yawunde ta aiko a cikin kula mai ƙanƙara domin ba ta son zafi. Kuɗin da muka ware na zagaye na biyu ya tafi gaba ɗaya, na uku ma ya taɓu. Inna ta cire 'yan kunnenta na zinariya da ta sayo a Makka ta miƙa wa yayana ba tare da ta ce uffan ba. Zagaye na biyu ya makara da kusan mako uku, ciwon kuma ba ya jiran kowa. Duk wannan a kan abin da ma'aunin zafi guda, wanda kuɗinsa bai kai na kazar da muka yanka wa 'yan dubiya ba, zai iya karewa.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo bayan an sallame mu. Kawu ya tara mu ya ce ga shi nan, dama an faɗa, daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura, maganin Turawa ne ya kusa kashe ta, a tsaya haka a koma na gargajiya. Mutane da yawa suka goyi bayansa. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba maganin ba ne ya yi laifi. An gaya mini abin da zan yi, ni ce ban yi ba." Faɗin haka a gaban dangi ba ƙaramin abu ba ne, amma da na yi shiru da an tsayar da jinyar. Inna ce ta raba gardama. Ta ce, "Yaya, na fara, zan ƙarasa. Rai na Allah ne." Ban ƙi rubutu da tofi ba, ana yi mata har yau. Jiƙe-jiƙen saiwoyi ne na hana, don likita ya ce hanta da ƙoda suna da aikin da ya ishe su.

Daga nan na canza komai. Na sayi ma'aunin zafi biyu, ɗaya a jakata ɗaya a ƙarƙashin matashinta. Na sayi littafin makaranta ina rubuta zafin jikinta safe da yamma, a saman kowane shafi kuma in rubuta kwana na nawa ke nan daga ɗaurin ruwa. Farasitamol na kwashe shi daga ɗakin, ba mai ba ta sai an auna an rubuta. Karnenta da takardun awo suna cikin leda ɗaya a rataye bayan ƙofa. Na koya wa kowa a gidan, har ƙaramin cikinmu, cewa in an je asibiti kalmar farko ita ce: shimiyo ake mata, yau kwana kaza. Ba mu ƙara dawowa Garwa a tsakiyar zagaye ba, muka zauna a Birketeri kusa da likitocinta, duk da ƙuncin ɗaki da tsadar zaman Yawunde.

Dubiya kuwa na ɗauki baƙin jinin. Daga kwana na bakwai zuwa na sha huɗu ana gaisawa daga bakin ƙofa ne, mai tari ko mura kuma ya yi gaisuwarsa ta waya. An ce na yi boko na raina mutane, wata ma ba ta ƙara amsa sallamata ba har yau. Ruwan sha a tafasa, nono a dafa, ba ɗanyen latas, ba tsiren bakin titi, 'ya'yan itace sai mai ɓawon da za a ɓare. Gidan sauro kullum. Bakinta da ya yi gyambo tana kurkurewa da ruwan gishiri da bikarbonat sau da yawa a rana.

Wasu abubuwan da na ji tsoro ba su zo da nauyin da na zata ba. Gashin ya ƙare tas bayan zagaye na biyu, amma mace mai ɗankwali da hijabi wa ya sani? Abin da ya dame ta shi ne farcenta da suka yi baƙi, da bakinta da ke ɗanɗanon ƙarfe har miyar kuka ta daina yi mata daɗi, da azumin da likita ya ce ta ajiye. Sai kuma abu ɗaya da nas ta nanata kuma wannan karon na saurara: in wurin allura ya fara zafi ko raɗaɗi lokacin da jan maganin ke shiga, a yi magana nan take, domin in ya fita daga jijiya yana cin nama. Inna mai kawaici ce, ba za ta faɗa ba, don haka nakan zauna ina kallon hannun har ledar ta ƙare. Yanzu kuma duk abin da likita ya faɗa sai na maimaita masa da bakina, in juya wa Inna da Hausa a gabansa, sannan mu tashi. Lissafin kuɗi ya jira mu fita waje.

Zazzaɓin ya sake dawowa a zagaye na huɗu, kwana na sha ɗaya. Ƙarfe biyun dare ma'auni ya nuna 38.3. Inna ta ce, "Ke 'yar nan, bari gari ya waye mana, kada mu tada mutane." Na ce, "Inna, ki gafarce ni, yau ba zan ji maganarki ba." Kafin uku da rabi ruwan magani na shiga hannunta. Kwana uku aka sallame mu, zagaye na biyar bai motsa daga ranarsa ba.

An yi mata aikin tiyata, muka je Duwala aka gasa wurin ciwon da na'urar haske, yanzu tana gida Garwa tana shan ƙwaya ɗaya kullum wadda aka ce za ta yi shekara biyar a kanta. Gashin ya fito fari sol, mai laushi kamar na jariri. Watan jiya wata maƙwabciyarmu ta shigo da kuka, an ce za a fara wa mijinta shimiyo. Ban tsaya dogon jaje ba, na shiga ɗaki na ɗauko ma'aunin da ke jakata na damƙa mata, na zaunar da ita na sa ta maimaita 38 har sau uku.