Yadda na mayar da kiɗan makaɗa tamanin na mutum huɗu

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu: mai busa kilarinet, mai biyolin, mai celo, sai ni da gita. Kiɗan da ranmu ya fi so kuwa na manyan mawallafan Turai ne na ƙarni na 19, zamanin da ake kira Romantik, waɗanda suka riƙa rubuta wa taron makaɗa saba'in ko tamanin. Babu mai rubuta wa irin haɗinmu komai, saboda haka aikin tsarawa ya faɗo kaina.

Na zaɓi kashi na biyu na simfoni (dogon kiɗa mai kashi-kashi na babban taron makaɗa) ta tara ta Antonin Dvorak, ɗan ƙasar Cek, wadda aka fara kaɗawa a zauren Carnegie da ke New York a Disambar 1893, lokacin yana shugabantar wata makarantar kiɗa a can. Kashin mai tafiyar hawainiya ne, ana ce masa Largo. Dalilina shi ne kunnenmu ba baƙonsa ba ne. Farkon karin a kan mi, so, re da do yake yawo, cikin tsarin sauti biyar irin wanda muka saba ji a goge da waƙoƙinmu, sai a tsakiya ne ti ke shigowa. Abin busar da Dvorak ya ba karin, kor angile, shi ma harshe biyu gare shi a baki kamar algaita, sai dai muryarsa sanyi gare ta. Tun da marubucin ya rasu a 1904, babu haƙƙin mallaka a kan takardun, na sauko da su daga IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa, na yi rubutuna a MuseScore, manhajar rubuta kiɗa.

Wannan sana'a ba sabuwa ba ce, kuma ba ƙasƙanci ba ce ga kiɗan. Kafin faifai da rediyo, yawancin mutane a gida suke jin simfoni, mutum biyu a kan fiyano ɗaya. Franz Liszt ya zuba simfonin Beethoven duka tara a kan fiyano. Sanin haka ya ba ni ƙarfin gwiwar taɓa aikin da nake girmamawa.

Abin da ya fara tsare ni shi ne ki, wato sautin da aka kafa kiɗan a kansa. Asalin Largo a D-filat yake, wanda ya dace da kilarinet amma yana ɗaure wa gita hannu, ba ya barin tsirkiya ko ɗaya ta yi amo a sake. Na ɗaga shi rabin mataki zuwa D. Nan take biyolin da celo suka sami tsirkiyoyinsu na D da A a buɗe, ni kuma na sassauta tsirkiyata ta ƙasa daga E zuwa D, aka sami ƙasa mai zurfi. Wanda ya biya kuɗin wannan canji shi ne mai kilarinet. Abin busarsa mataki ɗaya yake sauka ƙasa da abin da aka rubuta, don haka takardarsa ta koma E mai shaf huɗu (shaf alama ce ta ɗaga sauti rabin mataki), kuma sautin farko ya faɗa daidai inda kilarinet ke da raunin murya. Na tambaye shi kafin in yanke. Ya ce, "Malam, bar shi haka, zan nemi hanyar yatsuna." Amma a tsakiyar kashin, inda asalin ke komawa C-shaf maina, canjin ya zame masa sauƙi ƙwarai, aka yi raba daidai.

Inda na fi daɗewa shi ne shimfiɗar da ke ƙarƙashin karin. A asali, masu goge da yawa ne ke riƙe sauti a hankali, an danne muryar kayansu, sautin ba ya yankewa. Gita ba ta iya wannan. Da ka taɓa tsirkiya sautin ya fara mutuwa. In ka cika wurin da yawan kaɗawa don rufe giɓin, sai natsuwar ta tafi, kiɗan ya zama na rakiyar waƙar soyayya, wanda ba shi ne nufin Dvorak ba. Sai na raba aikin bisa halin kowane kaya. Celo ya riƙe tushe, wani lokaci tsirkiya biyu a tare. Biyolin ya ɗauki sautin da ke nuna ko haɗin mai haske ne ko mai duhu, domin in babu shi kunne ba ya gane inda aka dosa. Ni kuma ina taɓawa sau ɗaya kawai duk inda haɗin ya sauya, in bar shi ya tafi. A takardata akwai layukan da sauti biyu ne kacal a cikinsu, kuma su na fi so.

Dvorak ya shafe shekaru yana kaɗa biyola, wadda ta ɗan fi biyolin girma da zurfin murya, a gidan wasan Prag, shi ya sa muryoyin tsakiya a rubutunsa ke da rai, ba cike gurbi ba ne. Mu ba mu da biyola. Na zauna da fensir ina bin layinta, duk inda ta motsa alhali sauran suna tsaye, na san can akwai magana, sai in miƙa wa biyolin ko in hau da celo sama ya faɗa. Inda kawai take ninka abin da wani ke yi, na bar ta. Da wannan ma'auni na tace dukan takardar. Sautuka da yawa a babban taro ninki ne, an sa su don ƙarfi da launi, cire su ba ya rage ma'ana. Abin da ba ya ciruwa shi ne tafiyar bas, wato muryar ƙasa, da motsin tsakiya.

Akwai wurin da na yanke gaba ɗaya. Kusa da ƙarshe, kayan busa na tagulla suna tashi da ƙarfi suna dawo da karin kashi na farko na simfonin. Mutum huɗu ba su da wannan ƙirji, kuma mai sauraronmu bai ji kashi na farkon ba balle ya gane abin da aka tuna masa. Na haɗa gaɓar da ke gabansa da dawowar karin kai tsaye. Wasu za su ce na yi ƙarfin hali, amma a ganina kwaikwayon tsawa da gita ɗaya ya fi zama rashin ladabi ga marubucin.

Bayan nan aikin ya zo da sauƙi, don shi kansa Dvorak ya rage makaɗan har suka koma 'yan kaɗan, ya sa karin yana tsayawa a tsakiyar magana, a yi shiru, a ci gaba. Kusan kwafa kawai na yi. Wahalar a wurin atisaye take: ba mu da mai jagora da sanda, dole kowa ya dubi numfashin mai biyolin kafin a sake shiga. Saboda haka na rubuta wa kowa ƙananan sautukan abokinsa a saman layinsa, na kuma tsara shafuka yadda juyawa za ta faɗo inda hannun mutum yake hutawa.

Yanzu ina kan kiɗan raye-rayen al'ummar Silab da Dvorak ya rubuta a 1878. Su tun asali na mutum biyu ne a kan fiyano kafin ya faɗaɗa su, don haka daga takardar fiyanon nake farawa, ina leƙa ta babban taron ne kawai in ga wa ya ba wane kari.